Filin Tambaya da Amsa: Roka mai siffar ganga, anya zata tashi kuwa?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon kusan duk saƙonnin da suka shigo akan ƙananan rokokin nan ne na kwali da roba, waɗanda ake saya a warwatse cikin kwali mutum ya zauna ya haɗa da hannunsa sannan ya je fili ya harba. Kuma abin da yafi yawa tambaya ce akan masu siffar ban dariya, wato waɗanda in ka gansu bazaka ce roka bace, wata kamar fensir, wata kamar faifai, wata kamar ganga. Na zaɓo guda bakwai, na ɗan rage tsawon wasu saboda fili.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Yayana ne ya kawo min roka a kwali, gajera ce mai ƙiba kamar ganga harda idanu da baki da ake liƙa mata. A ciki na tarar da wani dunƙulen yumɓu irin na wasan yara da wasu fikafikai na roba garai-garai kamar gilashi. Ni dai gani nake fikafikan zasu ɓata mata kyau, yumɓun kuma nauyi ne kawai zai hanata yin sama sosai. In barsu ba komai? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ƙanena don Allah kar ka barsu, ko ɗaya. Wallahi abubuwa biyun nan da ka raina sune rokar, idanu da bakin da gangar duk ado ne. Bari in maka bayani a tsanake don in ka gane wannan to sauran duk mai sauƙi ne.

Ɗauki kibiya ka duba, ƙarfen yana gaba, karan mara nauyi yana baya, shi yasa in aka harbata kan ne yake wucewa gaba. Juyata ka jefa da gindi kaga yadda zata wuntsila a iska. To roka ma haka take. Akwai wurare biyu a jikinta da ido baya gani. Na farko wurin da nauyinta ya daidaita, wanda in ka ɗorata akan yatsa bata rinjaya gaba ko baya, shi ake cewa cibiyar nauyi. Na biyu wurin da turin iska yake taruwa in iska ta bugeta ta gefe, shi kuma ake cewa cibiyar iska. Dokar guda ɗaya ce, cibiyar nauyi ta kasance a GABA, wajen hanci, cibiyar iska tana bayanta, kuma tazarar dake tsakaninsu aƙalla ta kai faɗin jikin rokar sau ɗaya. In haka ta samu, duk sanda iska ta ɗan karkatar da ita sai iskar da kanta ta tura gindin ya koma layi. In kuwa aka samu akasi to da ta bar sandar harbawa zata fara juyi a sama kamar kazar da aka yanka, tana feshin wuta, ba wanda ya san inda zata nufa, kai ma da ka haɗata baka sani ba.

Roka doguwa siririya ita tana samun wannan daidaiton cikin sauƙi saboda fikafikanta suna can nesa a baya. Amma irin taka gajera mai ƙiba, ga inji a gindi wanda shine abu mafi nauyi a jikinta, ga ƙaton jiki a gaba da iska take kamawa, kaga komai nata ya saɓa. Shi yasa masu ƙerata suka saka maka yumɓu ka cusa can cikin hanci ka danna shi sosai da bayan fensir har ya zauna daram, don ya jawo nauyi gaba, fikafikan kuma suka yi su garai-garai takanas saboda irin damuwarka, daga nesa ba a ganinsu amma iska tana jinsu.

Kuma ba sai ka yarda da maganata kawai ba, gani ya kori ji. In ka gama haɗawa ka saka mata komai kamar yanzu zaka harba, sabon inji, laimar da take saukar da ita a hankali, takardar kare laimar daga wuta, sai ka nemo inda take daidaita akan yatsa ka ɗaura igiya mai ƙwari a daidai wurin ka liƙe da salatif kar ta zame, ka fita waje inda ba kowa ka riƙa wulwulata a saman kanka kamar majajjawa. In hancin ya juya ya fuskanci inda take tafiya ya tsaya a haka, Alhamdulillahi. In tana tafiya da gindi ko tana ta wutsil-wutsil, ƙara yumɓu kaɗan, ka sake nemo wurin daidaito tunda ya matsa, ka sake gwadawa. Kar ka kaita fili sai ta ci wannan jarrabawar, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Masu son lissafi kuma, wani injiniyan hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, mai suna James Barrowman ya fitar da hanyar lissafa cibiyar iskar nan tun 1966, har yau da ita ake aiki, kuma akwai manhajar kwamfuta kyauta OpenRocket da zaka zana rokarka a ciki ta nuna maka wuraren biyu. Sai dai ita tafi ƙwarewa akan roka mai siffar roka, in siffar ta cika baƙunta to takardar umarnin da tazo a kwalin ita ce malamarka. Eh yumɓun zai rage mata nisa kaɗan, wannan gaskiya ne, amma irin waɗannan dama ba don nisa ake yinsu ba, daɗinsu shine kana kallonta tun daga tashi har sauka.

TAMBAYA: Na haɗa tawa tayi kyau sosai, da gam ɗin kyandir da ake narkawa da bindiga na liƙa fikafikan saboda yafi saurin kamawa. A tashin farko fikafikai biyu suka fita. Meye matsalar? Daga wata mai karatu.

AMSA: 'Yar'uwa matsalar gam ɗin ne. Abin da zafi ya narkar ai zafi zai sake narkar dashi, jikin injin kuwa yana ɗaukar zafi kuma dab da fikafikan yake. In fikafikan katakon balsa ne, wato wani katako mara nauyi, jikin kuma kwali, farin gam ko ruwan ɗorawa na kafintoci shine daidai, yana shiga cikin katakon da takardar ya riƙe har sai dai kwalin ya yage. In roba da roba ne akwai gam ɗinsu daban. Sufa gulu yana kamawa nan take amma yana da gautsi, saukar farko mai ƙarfi sai ya ɓalle.

Ga yadda nake yi. In ɗan goge wurin da samfefa mai laushi don sheƙin kwalin ya tafi, in shafa gam siriri a gindin fiffiken in manna in cire, in barshi ya sha iska minti kaɗan, sannan in sake shafawa in manna, zakiga ya kama caraf. Bayan ya bushe sai ki bi kusurwar da fiffike ya haɗu da jiki ta kowane gefe da gam ki shafe da yatsa, wannan ɗin ne ƙarfin. Layin da zaki ɗora su kuma ya zama miƙaƙƙe, ki jingina bututun a kusurwar ƙyauren ƙofa ki ja fensir, ya fi rula. Sannan ki lura da jijiyar katakon, ta bi gefen gaba na fiffiken, in ta bi tsawon jikin rokar da ɗan bugu kaɗan zai tsage. Wani wuri da mutane suke kuka dashi shine wajen tura mazaunin inji cikin bututu, in kin shafa gam to ki tura shi tashi ɗaya har inda aka yi alama, in kika tsaya a rabi gam ɗin ya kama shikenan ba gaba ba baya. A barta ta kwana kafin fenti, fentin kuma feshi sama-sama sau biyu ko uku yafi a zuba mata lokaci ɗaya, kuma kar fenti ya toshe ɗan siririn bututun gefe da sandar harbawa take bi ta ciki.

TAMBAYA: Malam ni rubutun jikin injin ne ya ɗaure min kai, wani A8-3 wani B6-4 wani C6-7 wani kuma C6-0. Tawa mai siffar faifai ce irin jirgin da ake cewa na halittun wata duniya, ba laima a cikinta ma. Abokina yace in sa mafi girma kawai. Daga wani matashi.

AMSA: Abokin naka da kyakkyawar niyya ya faɗa amma kar ka bi. Rubutun nan kashi uku ne kuma kowanne da abin da yake gaya maka.

Harafin farko shine jimillar ƙarfin da injin yake ɗauke dashi, kuma kowane harafi ninki biyu ne na wanda ya gabace shi. A yana kaiwa 2.5 a ma'aunin da ake kira nyutan-sakan, B 5, C 10, D 20, haka abin yake ta ninkuwa. Lambar dake manne da harafin ita ce matsakaicin turin da yake yi a ma'aunin nyutan. Kaga kenan B6 da C6 turinsu kusan ɗaya ne, bambancin shine C ya fi daɗewa yana ci, B6 bai cika sakan ɗaya ba C6 kuwa ya kusa sakan biyu. Eh, haka yake, duk wutar bata wuce nan ba, sauran tafiyar da kake gani da saurin da ta samu take yinta.

Lambar ƙarshe bayan ɗan layin ita mutane suka fi rainawa kuma ita tafi kashe roka. Sakan nawa ne injin zai jira bayan wutar turi ta ƙare, yana fidda farin hayaƙi don ka iya binta da ido, kafin wani ɗan albarushi dake can saman injin ya tashi ya turo hanci da laima waje. Abin da ake so laimar ta fito daidai lokacin da rokar ta kai ƙarshen hawanta ta tsaya cak kamar mai tunani. Roka siririya mara nauyi takan daɗe tana hawa, akan C tana iya wuce mita 300, ita ce mai buƙatar jira mai tsawo kamar 7. Amma mai ƙiba ko mai faɗi iska tana taka mata burki nan da nan, sakan biyu uku ta gama hawa ta juyo, in ka sa mata C6-7 to zata sha ƙasa tun kafin laima ta fito, sai dai kaji fat a ƙasa bayan ta riga ta ragargaje. Don haka masu siffar ban dariya kusan kullum gajeren jira suke so, 2 ko 3 ko 4.

Taka mai faifai kuma daban take a cikinsu. Ita faɗinta ne yake daidaitata kuma shine laimarta, da wutar ta ƙare sai ta tsaya ta juyo ta sauko a hankali iska tana tareta. Shi yasa da yawansu ake ce a sa musu mai sifili a ƙarshe irin C6-0, wanda baya jira ko kaɗan, asalinsa an yi shi ne don roka mai hawa biyu inda na ƙasa yake kunna na sama. Amma fa kar wani ya karanta wannan ya sa mai sifili a roka mai laima, zai turo ta tana tsakiyar gudu igiyoyin su tsintsinke. A jikin kwalin ko takardar umarni akwai jerin injinan da aka gwada rokar dasu, har da wanda aka ce na tashin farko, fara da shi. A da B da C na yau da kullum duk girmansu ɗaya, faɗin milimita 18 tsawon milimita 70, shi yasa kowanne yake shiga, amma shigarsa ba ita ce dacewarsa ba, C ya fi A nauyi, yana jan cibiyar nauyi baya, rokar da take lafiya lau akan A tana iya rikicewa akan C.

TAMBAYA: Ni uwa ce, ɗana ɗan shekara 13 ya nace sai ya yi wannan abin, hankalina bai kwanta ba. Abin da ya fi tayar min da hankali naji yana cewa in injinan da suka zo da ita sun ƙare zai haɗa nasa da kan ashana a cikin bututun ƙarfe, wai ya gani a intanet. In hana shi gaba ɗaya?

AMSA: Hajiya Allah ya raya mana shi. Amsata kashi biyu ce, rokar kwali ki barshi yayi kina kusa ko wani babba yana kusa, maganar haɗa inji kuma ki hana shi hani mai tsanani, ba sassauci, yau ɗin nan. Kan ashana a bututun ƙarfe ba inji bane, bam ne, yana iya tashi tun ana cusa shi saboda gogayya kaɗai, kuma ƙarfen ne yake tarwatsewa ya tafi da yatsu da idanu.

Ki bashi wannan tarihin don shi kansa wasan saboda irin wannan haɗarin aka ƙirƙiro shi. Lokacin da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik ranar 4 ga Oktoba 1957, yara a Amurka suka rude da son roka, suka dinga cusa sinadarai a bututun ƙarfe a bayan gida, da yawa suka ji munanan raunuka wasu suka rasa rayukansu. Dama tun 1954 wani mai sayar da takalma a jihar Nebraska, Orville Carlisle, wanda yake da lasisin harkar wasan wuta, shi da ɗan'uwansa Robert sun ƙera ɗan ƙaramin inji a cikin kwali mai kauri da ake amfani dashi sau ɗaya a yar. A 1957 ya aika wa G. Harry Stine samfuri, shi kuma Stine ya yi aiki a filin gwajin makamai masu linzami na White Sands, ya san ƙa'idojin kariya, sai suka kafa ƙungiyar masu wasan roka ta ƙasar wadda ake kira NAR a wannan shekarar, aka rubuta dokoki. Sannan Vern Estes ya ƙera na'urar da ya sa wa suna Mabel mai fitar da inji ɗaya duk sakan biyar da rabi, ya kafa kamfanin Estes a 1958 a jihar Kolorado. Hikimar duka ita ce a raba yaro da haɗa albarushi, masana'anta ta yi wannan, shi kuma a bar masa yanka da liƙi da fenti da lissafi, wanda nan ne ilimin yake dama.

Dokokin ƙungiyar nan sune kusan kowa yake bi, kuma ba masu wuya bane. Jiki da hanci da fikafikai kwali ko balsa ko roba, ba ƙarfe. Inji sai na masana'anta kuma ba a taɓa shi ba a buɗe shi. Kunnawa da batir da doguwar waya, ba ashana ba lagwani, kowa ya ja baya aƙalla ƙafa 15 wato wajen mita 5 in injin bai wuce D ba. A ƙirga da ƙarfi biyar huɗu uku biyu ɗaya kowa yaji. Sandar harbawa ta kalli sama, in za a karkata kar ya wuce digiri 30, a ƙarƙashinta a sa farantin ƙarfe da zai tare wutar, a share busasshiyar ciyawa a kewaye. Ba a harbawa in iska ta wuce gudun kilomita 32 a awa, ba a harbawa cikin gajimare ko kusa da jirgin sama, ba a saita mutum ko dabba ko gini. Fili kuma injin A yana son mai faɗin mita 30, B mita 60, C mita 120. Abu biyu zan ƙara miki, dokar mallakar injinan nan da shekarun da aka yarda yaro ya saya ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, a tambayi hukuma kafin a saya kuma a nemi izinin mai fili, sannan ba a shiga jirgin sama dasu ko a jaka ko a hannu. Ki ajiye injinan a wurinki, wuri busasshe mara zafi, ranar harbawa ki miƙa masa ɗaya bayan ɗaya. In wani ya faɗi ƙasa da ƙarfi ko ya kwana a mota cikin rana kar a yi amfani dashi, albarushin cikin yana iya tsagewa, a jiƙa shi a ruwa har ya warware a zubar.

TAMBAYA: Mun ƙirga, na danna, shiru. Sai na ruga in duba yayana ya daka min tsawa. Laifi nayi? Kuma me ya hanata tashi?

AMSA: Yayanka ya kyauta maka. In ka danna bata tashi ba, ka zare makullin na'urar kunnawar ko ka cire batir, ka tsaya inda kake ka ƙirga sakan 60 cif kafin kowa ya matsa, don wani lokacin wutar tana ci a hankali a ciki sai ka sunkuya akanta ta tashi.

Dalilin kuwa yawanci ɗaya ne cikin uku. Ko 'yar wayar kunnawar bata shiga can ciki ta taɓa albarushin ba, sai ta ƙone a banza, in ka ciro kaga kanta ya ƙone to wannan ne, sa sabuwa ka turata har ƙarshe ka toshe da ɗan marfin robar da suke zuwa dashi. Ko 'yan maƙalan nan biyu da suke kama wayar kunnawar sun taɓa juna ko sun taɓa farantin ƙarfen, wutar ta bi gajeriyar hanya. Ko kuma batir ya yi sanyi, abin yana jan wuta sosai, sabbin batira yake so. Maƙalan ma suna yin baƙi da hayaƙi, ka riƙa goge bakinsu da samfefa.

TAMBAYA: Tawa ta tashi lafiya amma laimar ta fito a dunƙule ta narke kamar ledar da aka sa a wuta. Ta abokina kuma laimar ta buɗe amma iska ta tafi da ita har yau bamu ganta ba. Ya ake yi?

AMSA: Taka takardar kare wuta ce babu ko tayi kaɗan. Abin da yake turo laimar iska ce mai zafi da tartsatsi, dole a sa wani abu tsakani. Takardar da ake sayarwa don wannan an jiƙata da maganin hana kamawa da wuta, ka ɗan dunƙule guda uku ko huɗu ka tura sako-sako har su toshe faɗin bututun, mai ƙiba tana cin fiye da haka. Kar ka sa tishu ko auduga, zasu kama wuta su sauko suna ci akan ciyawa. Laimar kuma ka barbaɗa mata hoda, ka naɗe ta a lokacin da zaka harba ba tun jiya ba, kuma hancin ya zama yana fita da ɗan ja kaɗan, in ya matse ka goge in ya yi sako-sako ka naɗa salatif.

Ta abokinka kuwa ta taɓa min zuciya don nima na rasa wata haka, mai siffar fensir ce ja da na shafe sati biyu ina gogewa ina fenti, iska a ƙasa kamar babu ashe a sama tana gudu, ina tsaye ina kallo ta haye bishiyoyi ta tafi, na yi kwanaki ina jin abin. Tun daga ranar in zan harba sai na fara da ƙaramin inji naga inda iska take kaiwa. Dabarun sune ka yanke ɗan rami a tsakiyar laimar don ta sauko da sauri, ko in rokar mara nauyi ce ka cire laimar ka sa dogon ƙyalle siriri mai haske, sannan ka kafa sandarka ta ɓangaren da iska take fitowa don filin duka ya zama wurin sauka. Ka sani kuma roka tana son juya hanci ta fuskanci iska in tana tashi, masu manyan fikafikai da masu tashi a hankali sun fi yi, don haka ranar iska ka haƙura kawai. In ta maƙale a wayar lantarki ko saman doguwar bishiya a barta, ko sanda kar a miƙa.

TAMBAYA: Ni malamin kimiyya ne, ina so in yi da ɗalibaina, ta yaya zamu san nisan da ta kai ba tare da na'ura ba?

AMSA: Malam wannan tambayar tayi min daɗi ƙwarai. Akwai 'yar na'ura da ake sawa a ciki mai auna nisa da matsin iska, amma ga ɗalibai hanyar hannu tafi amfani. A ɗauko ma'aunin kusurwa, rabin da'irar nan ta cikin gwangwanin kayan lissafi, a liƙa shi a jikin miƙaƙƙen katako gefensa mai lanƙwasa yana kallon ƙasa, a rataya zare da ɗan nauyi daga tsakiyarsa. Ɗalibi ɗaya ya tsaya mita 100 daga wurin harbawa, a auna da gaske kar a kintata, ya bi rokar da katakon kamar mai saiti, da ta kai ƙololuwa sai ya danne zaren da yatsa a karanta digiri nawa ya matsa daga inda yake in katakon yana kwance. Sai a ninka tazarar da tan na kusurwar, wanda ake samu da maɓallin tan a kalkuleta. In 30 ce ta kai wajen mita 58, in 45 ce mita 100 daidai, in 60 ce mita 173, a ƙara tsayin ɗalibin zuwa idonsa. In kusurwar tana wuce 70 to ya matsa baya, don a nan kuskuren digiri ɗaya yana zama mitoci da yawa. Ya tsaya ta gefen iska, ba inda take fitowa ko inda take zuwa ba, in kuma da hali a sa ɗalibai biyu a ɓangarori daban a haɗa a raba.

Shawarata ku haɗa guda biyu, ɗaya siririya ɗaya mai ƙiba ko mai faifai, ku daidaita nauyinsu a sikeli da ɗan yumɓu a hancin wadda tafi sauƙi, ku sa musu inji mai harafi da lambar farko iri ɗaya, jiran ne kawai zai bambanta. Kafin a danna kowane ɗalibi ya rubuta a takarda mita nawa yake zaton kowacce zata kai da dalilinsa, a karɓe takardun, sannan a ƙirga.